Sukurun hinjin ƙofar waje sun saki, ƙura na shigowa ta sama da ƙasa: daga ina zan fara gyara?

Mazaunin Gwammaja a Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum. Kafintoci da magina da ke nan, ku taimaka min da shawara. Ƙofar falona ta katako ce, faɗinta ƙafa 3, tsawonta ƙafa 7, tana kallon gabas, kuma babu rumfa a kanta. Hinji biyu ne kacal a jikinta, masu inci 4. Da damina, wajen watan Agusta, sai an sa kafaɗa kafin ta rufu. Yanzu da hunturu ya shigo ta daina cijewa a gefe, amma ƙasanta ta ɓangaren makulli yana gogar tayil, harshen makullin kuma ba ya faɗawa sai an ɗan ɗaga ta da hannu.

Na duba hinjin sama. Sukuru huɗu ne a ɓangaren firam, uku suna ta juyawa ba sa kama komai, na huɗun kuma kansa ya cinye. A saman ƙofar ta ɓangaren makulli akwai ratar da biro zai shige, ta ɓangaren hinji kuwa da ƙyar takarda ke shiga. Ƙura ta ishe mu, a share da safe, kafin azahar an koma gidan jiya. Sauro ma ta nan yake bi.

An ba ni shawara biyu. Wani ya ce a yanke ƙasan da zarto a huta, wani ya ce in sayo sukuru masu inci 3 in ɗaure. Wacce zan bi? Ko kuwa ƙofar ce ta gama aiki?

Kafinta daga Na'ibawa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari zarto ya taɓa ƙofar nan tukuna. Ba tsawo ta ƙara ba, katako kusan ba ya ƙaruwa ta tsawo. Sunkuyawa ta yi saboda hinjin sama ya saki. Idan aka yanke ƙasan yau, gobe aka ɗaure hinjin ta koma mazauninta, sai ka tarar da kafar da ɓera zai shige, kuma abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

Nauyin ƙyaure yana jan hinjin sama waje, yana danna na ƙasa ciki. Shi ya sa kullum na sama ne yake fara kwancewa. A ƙofa mai girman taka, tsakanin hinji biyun bai wuce santimita 160 da 'yan kai ba, faɗinta kuma 90, don haka duk milimita 2 da hinjin sama ya matsa, gefen makulli zai sauka da kusan milimita 1. Ratar da ka gani a sama da gogar da take yi a ƙasa duk ciwo ɗaya ne.

Fara da wannan. Buɗe ƙofar rabi, ka tsaya a bakinta, ka kama hannun ka ɗaga sama, wani ya zuba wa hinjin ido. Idan kunnen hinjin ne yake rabuwa da katako, sukuru ne. Idan kunnuwan suna zaune daram amma gaɓoɓin suna wasa a jikin sandar tsakiya, hinjin ne ya cinye, sai sabo. Idan kuwa firam ɗin ne gaba ɗaya yake motsi a jikin bango, wannan aikin magini ne, ba nawa ba. Sannan ka ɗauki sukundireba ka soki firam ɗin kusa da ramukan da kuma can ƙasa inda ya haɗu da daɓe. Idan ya lume kamar a burodi, ko ka ga ƙasa ja a ciki, gara ta riga ka, babu sukurun da zai kama ruɓaɓɓen katako. A yanke wurin a sa sabo.

In katakon lafiyarsa ƙalau, ga yadda ake yi.

Sa weji a ƙarƙashin ƙyauren ta ɓangaren makulli har ya ɗauke nauyin. Kada ka kwance hinji ƙofa tana rataye, za ta fizge na ƙasan ta yage maka wasu ramukan. Cire sukurun ɓangaren firam, ka naɗe kunnen hinjin gefe. Wanda kansa ya cinye, ɗora guntun roba a kan, ka danna sukundireba da ƙarfi kana juyawa a hankali. In ya ƙi, tsaga kan da zarton ƙarfe ka yi masa sabon layi, ko ka huda kan da injin huda har ya fita, ka zare ragowar da filaya.

Ramin da bai buɗe sosai ba, tsinken tsire ya ishe shi, irin na gora, ya fi tsinken ashana ƙwari nesa ba kusa ba. Tsoma shi a farin gam na katako, irin su Top Bond, ka cusa uku ko huɗu har ramin ya cika dam, ka karya abin da ya fito. Amma ramukan da ka kwatanta, da sukuru ke yawo a ciki, sun wuce nan. Huda kowanne da bakin injin huda mai milimita 8, zurfin milimita 30 zuwa 35. Naɗa salatef a jikin bakin don ka san inda za ka tsaya. Fiƙe guntun katako mai ƙwari, maɗaci ko iroko, ya yi daidai da ramin, ya shiga da ɗan bugu amma ba da ƙarfin da zai tsaga firam ba. Fitar da garin katakon daga ramin, shafa gam ciki da waje, buga shi, goge abin da ya tsiyayo da jiƙaƙƙen tsumma. Ka bar shi ya kwana, awa 24 ya fi. Da hunturu saman gam yana bushewa cikin mintoci, mutum ya ɗauka ya kama, alhali cikin ɗanye ne. Washegari ka yanke abin da ya fito da cizal ya yi daidai da gurbin hinjin.

Yanzu wurin da aka fi yin ɓarna. Mayar da kunnen hinjin gurbinsa, yi alama a tsakiyar kowace huda da ƙusa, sannan ka fara yi wa sukurun hanya da ƙaramin baki. Sukuru mai kaurin milimita 4, baki mai 2.5 ko 3. Mai kaurin 5, baki mai 3 ko 3.5 in katakon mai tauri ne. Goga haƙoran a jikin kyandir, zai shiga ba gardama. Ɗaure da hannu a ƙarshe, ba da inji ba, inji ba ya jin lokacin da katako ya ce ya isa. Kuma don Allah kada ka yarda yaron shago ya buga sukuru da hama ya bar juyi ɗaya na ƙarshe don a ga kamar an ɗaura. Da yawa daga ƙofofin da ke sakin hinji tun ba su shekara ba, haka aka yi musu ranar farko. Hama tana tsinka jijiyoyin katakon da haƙoran ya kamata su riƙe, sukurun ya koma ƙusa mai kaushi kawai.

Game da irin sukurun: guji baƙaƙen nan masu siririn jiki da ake ɗaura silin da su. Suna da arha, suna shiga da sauri, amma ƙarfensu gautsi ne, kan yana ɓallewa, ruwa ɗaya kuma ya sa su tsatsa. Nemi masu ruwan zinari ko farare waɗanda ba sa tsatsa, tsawon inci 1½. Kan ya zauna daidai cikin hudar hinjin, ko kaɗan kada ya tsiro. Kan da ya tsiro yana karo da na ɗaya kunnen duk lokacin da aka rufe ƙofa, ya zama kamar an sa dutse a tsakani, a hankali ya tumɓuke sauran. Ka tafi kasuwa da hinjin a aljihu ka gwada, a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ba za ka rasa ba.

Abu na ƙarshe, hinji biyu sun yi wa ƙofar waje kaɗan. Ƙara na uku. Na sama yana zama kamar inci 6 daga sama, na ƙasa kamar inci 9 daga ƙasa, na ukun a tsakiya. Idan ƙyauren mai nauyi ne sosai, wasu na matsar da na ukun sama, kamar ƙafa ɗaya ƙasa da na farko, tunda can ne jan yake. Ka tabbatar sandunan ukun suna kan layi ɗaya, ja zare daga na sama zuwa na ƙasa ka gani. Hinjin tsakiya da ya kauce wa layi ya fi rashinsa illa.

Ka gama wannan tukuna, sannan a yi maganar rata. Rabinta za ta ɓace da kanta.

Magini daga Kurna ya amsa:

Maigida kafinta ya gama magana a kan katako. Ni maganar sukuru mai inci 3 zan taɓa, don ana yawan jin ta a bidiyon gyaran gida na intanet, mutane su ɗauka ko'ina haka ne. A Amurka bangon gidajensu da yawa katako ne a ciki, dogon sukuru yana ratsa firam ya kama wani katakon a baya. Mu nan bayan firam bulo ne da siminti. Kaurin firam ɗinmu bai cika kai inci 2 cikakku ba. Ka tura inci 3, bakinsa zai tokari siminti, ko dai ya tsaya kan yana waje, ko ya ci gaba da juyawa a wuri ɗaya ya cinye ramin da ka sha wahalar cikewa, ko ma ya ture firam ɗin daga bango.

Amma dabarar tana da amfani idan aka yi ta irin tamu. Zaɓi huda ɗaya a hinjin sama, wadda ta fi kusa da tsakiyar kaurin bangon, ba ta bakin gefe ba, don kada bulon ya fashe. Ratsa firam ɗin da bakin katako mai milimita 8, canja zuwa bakin siminti mai 8, ka ci gaba cikin bango kamar milimita 50 zuwa 60. Hure ƙurar. Tura fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, mai tsawo, irin wadda ke ratsa katako da bango tare, sannan sukuru mai inci 4. Sai dai ka lura kansa ya zauna a hudar hinjin. In ya yi girma, kada ka matsa, ɗora shi a jikin firam ɗin kansa, inci 2 sama da hinjin, ka nutsar da kan ka rufe da garin katako da gam. Aikin ɗaya ne, riƙe firam ne.

Idan kana huda ka ji bakin ya faɗa fanko bayan inci ɗaya, bulon gefen ƙofar ba a cika shi da kankare ba. Ya kamata a cika ramukan bulon da ke gefen kowace ƙofa lokacin gini, amma ana yawan tsallakewa. A nan fisha ba za ta riƙe abin kirki ba. Sai a fasa filasta a wurare uku a gefen, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗaura guntun ƙarfe mai lanƙwasa a bayan firam, a cika da kankare mai ƙananan tsakuwa. Kafin ya kama, a ɗora lebur a jikin firam ta fuska biyu, a kuma sa katakon tokare tsakanin ƙafafun firam ɗin don kada ya tsuke ta tsakiya. Auna faɗin a sama da tsakiya da ƙasa, su zo ɗaya. Auna kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon ya bambanta da fiye da milimita 5, firam ɗin ya karkace. A bar ƙyauren a cire ko a kan weji kwana 3 aƙalla.

Sai tsagar da ke tsakanin firam da filasta, wadda mutane ba sa kallo, kuma ta nan ƙura da ruwa da gara suke bi. Idan ta fi milimita 10, siminti awo 1 da yashi mai laushi awo 4. Jiƙa wurin kafin ka cusa, ka riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma kwana 3, in ba haka ba iskar hunturu za ta shanye ruwan kafin simintin ya kama, ka taɓa ya zube kamar gari. Idan siririya ce, siminti ba zai zauna ba, tunda katako na motsi shi kuma ba ya yi. Sa abin cike tsaga na cikin kwalbar matsawa, mai karɓar fenti. Silikon na gilashi yana tare ruwa da kyau amma fenti ba ya kama shi. Kumfar nan da ake fesawa tana kumbura, a yi hankali da ita, in ta yi yawa tana iya lanƙwasa firam ciki, ka dawo ƙofa ba ta rufuwa.

Ka kuma zuba ruwa kofi ɗaya a dokin ƙofar ka ga inda zai bi. In ciki ya nufa, duk robar da za ka sa ba za ta hana ruwan Agusta shiga ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, taka kuma gabas take kallo.

Mai haɗa ƙofofi daga Rijiyar Lemo ya amsa:

Na yarda da kusan duk abin da Malam na Na'ibawa ya faɗa, sai abu biyu. Farin gam na yau da kullum ba ya son ruwa. A cikin ramin da hinji ya rufe babu laifi sosai, amma ƙofar da ruwa ke duka kai tsaye, musamman hinjin ƙasa, gara a yi amfani da gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin kamawa, ba na minti huɗu ba. Na biyu, turken da aka fiƙe a tsaye, sukuru yana shiga ne ta kan jijiyarsa, riƙonsa bai kai na gicciye ba. Idan ramuka uku ko huɗu ne a jere suka lalace, ya fi inganci a sassaƙe wurin gaba ɗaya, tsawon inci 6, zurfin kamar milimita 20, a dasa guntun maɗaci da gam, jijiyarsa ta bi ta firam, a sake yanka gurbin hinji a kai. Aikin awa ɗaya ne ga wanda ya iya cizal, kuma ya fi asalin ƙarfi in firam ɗin farin katako ne mai taushi irin obece.

Yanzu rata. Ratar da ake so tsakanin ƙyaure da firam, sama da gefe biyu, kamar milimita 3 ce. Katin ATM huɗu a haɗe kusan haka suke, ka yi awo da su. A ƙasa milimita 6 zuwa 10. Bayan an ɗaure hinji, rufe ƙofar ka bi ta da katin.

Idan har yanzu saman ɓangaren makulli ya fi buɗewa, ɗaga hinjin ƙasa kaɗan daga gurbinsa. Kwance kunnen ɓangaren firam, yanko falle daidai girmansa, ka sa a baya, ka mayar. Kada ka sa kwali, damina ɗaya zai jiƙe ya lotse. Yanko daga jikin tsohuwar jarka ko gwangwanin lemo. Milimita 1 a lokaci guda, ka rufe ka duba. Wannan yana tura ƙasan ƙyauren wajen makulli, ya ɗaga kusurwar da ke gogar tayil. Ko kuma ka ƙara wa gurbin hinjin sama zurfi da milimita 1, sakamakon ɗaya ne. Wanne za ka zaɓa ya danganta da inda kake da sarari: in gefen hinji a sama ya fi buɗewa, ƙara zurfi, in gefen makulli a ƙasa ne ya fi buɗewa, sa falle.

Sai dai kada zurfin ya wuce kaurin kunnen hinjin. Gurbin da ya yi zurfi yana sa katako ya haɗu da katako kafin ƙofa ta gama rufuwa. Alamarsa, ka tura ta ta kusa rufuwa sai ta dawo da kanta kamar da sifirin. Duk wanda ya danna ta da ƙarfi, sukuru yake tumɓukewa. Fenti da ya taru a gefen hinji shekara da shekaru ma yana yin haka. Shafa alli a gefen ƙyauren, ka rufe ka buɗe, inda allin ya koma jikin firam nan take taɓawa.

Maganar da ta fi damun mu a Kano ita ce ƙofar Agusta ba ita ce ta Fabrairu ba. Katako yana shan danshin iska da damina ya kumbura, ya amayar da hunturu ya tsuke, kuma ta faɗi yake yi. Yawancin katakonmu daga kudu ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba aka yanka aka haɗa, sai ya zo nan ya ƙarasa bushewa a jikin gidan mutum. Ƙyauren da aka jera alluna a tsaye ya fi motsi, bambancin na iya wuce santimita 1. Mai firam da fanel motsinsa 'yan milimita ne. Saboda haka wanda ya feƙe ƙofa da damina har ta rufu sumul, da hunturu zai ga titi ta gefenta. Wanda kuma ya ƙara mata katako da hunturu har ta matse, da damina sai ya fita ta taga. Kai da kake gyara yanzu, bar milimita 4 zuwa 5 a gefen makulli, ka rufe ratar da abin da ke lotsewa ya dawo.

Robar gefen ƙofa ana sayar da ita a naɗe, mai gam a baya. Ƙofarka za ta ci kamar mita 5 da ɗan kai, sayi 6. Ɗauki baƙar roba mai rami a ciki, soso yana ruɓewa a rana cikin shekara guda. Kauri ya danganta da ratar: matsa ɗan ƙullin sabulu mai laushi ko cingam a cikin leda tsakanin ƙyaure da inda yake tsayawa, rufe, buɗe, ka auna. Ɗauki robar da ta fi wannan kauri da kaɗan. Wadda ta yi kauri da yawa tana hana makulli faɗawa, kuma ita ma tana jan hinji. Manna ta a leɓen firam inda fuskar ƙyaure ke tokara, ba a gefen da yake gogawa ba. A ɓangaren hinji kuwa, a jikin firam inda gefen ƙyauren zai danne ta, don in ka sa a leɓe zai murje ta ya ɓamɓare. Goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, bari ya bushe, kada ka ja robar tana miƙewa lokacin mannawa, za ta koma ta bar kusurwa a buɗe. Zafin Afrilu yana narkar da gam ɗin, don haka ƙara 'yan ƙananan ƙusoshi duk bayan taƙi guda.

Na ƙasa, akwai falan alminiyom mai roba ko burushi, ana ɗaura shi da sukuru huɗu ko biyar. Hudojinsa dogaye ne don a iya ɗagawa ko saukewa. A kan tayil mai santsi roba, a kan daɓen da ba daidai ba burushi. In ba ka samu ba, yanko tsohuwar robar cikin taya, faɗin inci 2, ka danne ta da siririn katako. Ta taɓa ƙasa kawai, kada ta ja. Ta waje kuma ka ɗaura katako mai gangare a ƙasan ƙyauren, da 'yar tsaga a ƙarƙashinsa, ruwa ya ɗiga nesa da dokin ƙofa.

Kuma tunda za ka sauke ƙyauren don hinji na uku, shafa fenti ko banish sau biyu a kansa na sama da na ƙasa. Masu fenti ba sa taɓa wurin saboda ba a gani, kuma ta nan ne katako ya fi shan ruwa. Maganin gara irin Solignum a ƙasan firam kafin fenti. Baƙin mai da wasu ke shafawa yana hana gam da fenti kamawa daga baya.

Mazaunin Gwammaja ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na gwada ɗagawar, kunnen hinjin ne ke rabuwa da firam, firam ɗin bai motsa ba, katakon kuma bai lume ba. Na cika ramukan jiya, yau na ɗaure da inci 1½, ta daina gogar tayil. Saura makulli, har yanzu harshen yana bugun leɓen ƙarfen ta ƙasa kaɗan. Sannan ƙofar soronmu ta ƙarfe ce, ita ma ta fara jan ƙasa tana ƙara. Gyaran ɗaya ne?

Mai walda daga Ƙofar Ruwa ya amsa:

Alhaji, dalilin ɗaya ne, gyaran ne daban. A ƙofar ƙarfe abu uku ake dubawa. Na farko, hinjin nan mai kama da harsashi: ƙarfe na cin ƙarfe a inda na sama ya zauna a kan na ƙasa, musamman da ƙurar hunturu ta shiga ba giris. In haka ne, ku biyu ku ɗaga ƙyauren ya fita daga sandunan, a goge da kananzir, a sa washa ɗaya mai kaurin milimita 1.5 ko 2 a kowace sanda, a shafa giris, a mayar. Kowane hinji ya samu washa iri ɗaya, in ba haka ba ɗaya ne zai ɗauki nauyin duka. Idan sandar ta sirance tana wasa gefe da gefe, washa ba zai yi ba, sai sabon hinji.

Na biyu, walda ta tsage. Kankare fentin gefen hinjin sama, za ka ga siririn layi mai tsatsa. Kada a yi liƙi a kan tsagar haka nan. A gurje tsohuwar waldar, a rufe ƙofar, a sa weji a ƙasa da 'yan guntayen ƙarfe masu milimita 3 zuwa 4 a gefe da sama, ratar ta daidaita, a ɗiga walda biyu kawai, a buɗe a rufe a gani, sannan a ƙarasa. A yi kaɗan-kaɗan ana barin ya huce. Falan ƙofa siriri ne, zafi mai yawa yana huda shi ko ya kantare shi. In ƙarfen da hinjin ke kai ya yi siriri ko tsatsa ta ci shi, a fara ɗora faci mai kaurin milimita 3, a ɗora hinjin a kan facin. Bayan an gama, jan fenti na hana tsatsa a ranar, kada a jira.

Na uku, in irin ƙofofin da ake shigowa da su daga Chana ko Turkiyya ce, hinjinta da sukuru aka ɗaura a jikin siririn fale. Idan ramin ya cinye, a sa mai kauri mataki ɗaya, ko a dasa noti irin wanda ake matsewa kamar ribit, mai milimita 6. Kada a kai mata wutar walda ba a duba ba, da yawansu takarda ce ko soso a ciki, tana iya kamawa ta ciki ba a gani.

Ka duba ƙasan firam ɗin ma. Inda ruwan wanke soro ke kwanciya, ƙarfen yana ruɓewa a cikin daɓe, ƙafar firam ta saki.

Kafinta daga Na'ibawa ya ƙara da cewa:

Madalla. Makulli shi ne na ƙarshe, kuma ka yi daidai da ba ka taɓa shi da farko ba. Sa hinji na ukun da fallen hinjin ƙasa tukuna, don suna iya ɗaga harshen ya faɗa da kansa. In bai faɗa ba, shafa alli ko jambaki a bakin harshen, rufe a hankali, ka ga inda ya yi alama a jikin ƙarfen firam. Idan kuskuren bai wuce milimita 2 ba, kwance ƙarfen ka gurje leɓen ƙasa da magagari, ka ɗan faɗaɗa ramin katakon da ke bayansa. In ya wuce haka, a sauke ƙarfen gaba ɗaya. Tsofaffin ramukan sukurunsa ka cike su da tsinke da gam kamar na hinji, ka bari su bushe kafin ka huda sababbi, in ba haka ba sukurun zai zame ya koma tsohon gidansa. Ka manna robar gefe kafin ka yanke wa ƙarfen mazauni na ƙarshe, domin robar tana tura ƙyauren waje da milimita ɗaya ko biyu. Gwajinsa, maƙale takarda tsakanin ƙyaure da roba a wurare biyar ko shida, rufe, ka ja. Inda ta fito ba tare da ta ɗan riƙe ba, nan ƙura za ta bi. Ramin harshen kuma ka bar masa sararin milimita 2 sama da ƙasa saboda Agusta.